Sunan da Aka Bari a Bakin Teku: Tsofaffi, Takarda da Asalin Iyali a Abijan

A gidaje da yawa na ƙasar Adar, daga Tawa zuwa Buza da Keita, akwai kakan da ake taƙaita labarinsa da kalma uku: "Ya tafi Kurmi." Wasu sun tafi biɗa sun komo da akwati da keke. Wasu kuwa shiru, sai jita-jitar an gan su a Abijan, a unguwar Treichville ko a tashar motar Adjamé. Jikan da ya yi boko, in ya tashi bin sawu, takarda yake fara nema, yana ɗaukar maganar tsofaffi a matsayin ciko. Ina ganin an juya abin. A tarihin Hausawan Abijan takarda ce ta fi cancantar tuhuma, bakin tsofaffi kuwa yana da ƙa'idarsa, kuma wanda ya san ta zai fitar da shekara da suna daga cikinsa.

Mu fara da lissafin lokaci. Tsohuwa ba za ta ce 1952 ba, amma za ta tuna inda mijinta ya ce ya hau jirgin ƙasa. Layin dogon da Faransawa suka raɗa wa suna Abijan-Nijar bai taɓa isa Nijar ba: ya kai Buwake a 1912, Bobo-Julaso a 1934, Wagadugu a 1954. Wanda ya sha mota har Bobo kafin ya ga jirgi, akwai alamar kafin 1954 ya yi tafiyar. Haka gada. Wanda ya tsallaka zuwa Treichville a kan gada mai shawagi bisa ruwa, ta 1931, ya riga gadar Houphouët-Boigny ta 1957. Wanda kuma ya yi dako manyan jiragen ruwa na tsaye a cikin tafkin Ebrié, to bayan an fasa mashigin Vridi ne a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. A gida ma yunwa na da sunaye: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, El-Buhari ta 1984. In aka ɗora kalandar gida a kan ta birni, tazarar shekara talatin takan koma biyar.

Suna ya fi wuya, kuma nan ne yawancin masu bincike ke ɓata. Mutum ɗaya yakan ɗauki suna huɗu. Akwai na yanka, wanda matarsa ba ta furtawa saboda kunya, uwarsa ma ba ta faɗa in ɗan fari ne. Akwai laƙabin gida. Akwai wanda akawu ya rubuta da ƙa'idar Faransanci, inda Usman ya zama Ousmane, Abubakar ya zama Boubacar, alhali a gida Garba ake ce masa. (Abincin nan na rogo da soyayyen kifi da duk Abijan ke kira garba, ana danganta sunansa da 'yan Nijar masu sayar da shi, ga suna ya rayu, mai shi ya ɓace.) Na huɗu shi ne na bariki. Fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, wanda aka ɗauka a Treichville, ya nuna samarin Nijar 'yan ƙwadago suna amsa sunayen taurarin silima. Oumarou Ganda, Bazabarme da ya dawo daga yaƙin Indocin, shi ne Edward G. Robinson a ciki. Ganda ya yi suna daga baya, har fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972, shi ya sa muka san sunayensa biyu. Abokan dakonsa fa? Wanda ya je Treichville yana cigiya da sunan yanka zai iya zama gaban aminin kakansa a ce masa ba a san shi ba.

Takardar kuma an yi ta ne don a tsira, tarihi bai dame ta ba. Da yawa an rubuta musu "an haife shi wajajen shekara kaza" bisa kintacen akawu. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kodebuwa ta 1961 ta bar wa 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar ƙofa, gyaran 1972 ya rufe ta. A 1990 aka kawo dokar katin zaman baƙi, sannan zamanin shugaba Bédié aka shiga gardamar wane ne ɗan ƙasa na asali, wadda ta taimaka wajen kai ƙasar ga yaƙin 2002. A irin wannan hali, garin haihuwa da sunan uba a kati abin lallaɓawa ne. Ba na zargin kowa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma shingen jandarma ba ya sauraron karin magana.

Za a ce ai tsofaffi ma suna ƙawata zance. Gaskiya ne. Kusan kowane jika an gaya masa kakansa fataucin goro ya yi, da wuya ka ji gidan da ya ce nasu ɗan dako ne. Jan Vansina, tun littafinsa na 1961 kan tarihin baka, ya nuna cewa dole a auna kowace ruwaya da manufar mai ba da ita. Sai dai al'adarmu ta tanadi mafita. Abin da ɗa ba zai iya tambayar uwarsa ba, jika zai tambaya cikin wasa, don tsakaninsa da kaka babu kunya. Kishiyoyi kuma ba sa ɓoye abu ɗaya, sai a ji kowacce ita kaɗai. Mata ne ma'ajin wannan fanni, kamar yadda labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya tabbatar: su ne suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a hannun wa.

A namu gidan gwaggona ce ta warware ƙullin, ba da niyya ba. Shekaru tana cewa yayanta bai bar kowa a Kurmi ba. Ran nan tana lissafa waɗanda aka aika wa goron rasuwarsa, sai ta ce, "da na yaran can." Na ce, "Gwaggo, waɗanne yara?" Ta gyara mayafi ta ce rana ta yi, a kawo mata buta. Sai bayan wata biyu, muna ɓarar gyaɗa, ta ambaci sunan unguwar a Adjamé, da sunan da matar can take kiransa da shi, wanda babu mai amsa shi a duk zuriyarmu.