Yadda Likitocin Edinbara Suka Gano Makarin Gubar Farasitamol

Da wuya ka shiga ɗakin ɗalibi, a gida ko a ƙasar waje, ka rasa ƙwayar farasitamol, wadda yawancinmu muka fi sani da Panadol. Ciwon kai, zazzaɓi, ciwon haƙori, duk ita ake nema. Amma wannan ƙwaya mai arha ita ce kan gaba wajen jawo lalacewar hanta farat ɗaya a Birtaniya da Amurka, kuma sai da likitoci suka ɗauki shekaru kafin su iya faɗin wanda za ta kashe da wanda zai tsira.

An fara sayar da Panadol a Birtaniya a 1956. Sai a 1966 likitoci a ƙasar Sikotland suka ba da rahoton mutanen da hantarsu ta lalace bayan sun sha ta fiye da kima. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yaudarar gubar. A ranar farko mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana hira, iyaka tashin zuciya ko amai. Sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi ɗorawa, jini ya daina daskarewa, hankali ya fara gushewa. A lokacin kuwa aikin gama ya gama.

A 1973 masu bincike a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, cikinsu har da Jerry Mitchell da Bernard Brodie, suka gano sirrin ta hanyar gwaji a kan ɓeraye. Hanta kan juya ɗan kaɗan daga maganin ya zama guba, sai wani sinadari nata mai suna gulutatayon ya kama gubar ya kashe kaifinta. In an sha da yawa, sinadarin ya ƙare, gubar sai ta afka wa hantar kanta. Ke nan makari shi ne duk abin da zai mayar wa hanta da wannan sinadari kafin ɓarna ta yi nisa.

Daga nan labarin ya koma babban asibitin Edinbara, inda Dokta Henry Matthew yake shugabantar sashen masu shan guba. A can Laurie Prescott ya fara gwada wani magani, sistiyamin, a 1974. Ya yi aiki, sai dai yana galabaitar da majinyata da amai. Sai aka koma kan asetilsistin, wanda dama ana amfani da shi wajen narkar da majinar ƙirji. A 1979 Prescott ya buga sakamakon mutum 100 da aka ba shi ta jijiya. Cikin mutum 62 da suka samu maganin kafin awa 10, ɗaya tak ne hantarsa ta yi mummunar lalacewa. Cikin mutum 57 na baya da ba su samu makari ba kuwa, 33 ne. Masu ilimin ƙididdiga za su ce kwatanta majinyatan yau da na jiya ba shi ne gwaji mafi inganci ba, kuma gaskiyarsu. To amma bayan irin wannan tazara, wane likita ne zai hana rabin majinyatansa magani don a cika sharaɗin bincike?

A ganina, abin da ya fi makarin ban sha'awa shi ne wani zane da ya riga shi. Barry Rumack, likitan yara daga Denba ta Amurka, ya yi aiki da Matthew, suka bi bayanan majinyatan Edinbara suna duba abu biyu kawai: yawan maganin a cikin jini, da awowin da suka wuce tun da aka sha. A 1975 suka fitar da layi guda, wanda ya tashi daga miligiram 200 a kowace lita ta jini a awa ta huɗu, yana gangarowa. Wanda gwajinsa ya faɗa saman layin yana cikin haɗari ko da yana dariya. Wanda ke ƙasa, a sallame shi. Amurka ta rage layin zuwa 150 don kariya, Birtaniya kuma ta mayar da nata 100 a 2012.

Saura waɗanda suka zo a makare. A 1989 likitocin asibitin King's College na Landan, bisa bayanan majinyata 588, suka tsara ma'aunin gane wanda ba zai rayu ba sai da dashen hanta: tsamin jini mai yawa, ko kuma haɗuwar gazawar ƙoda da rashin daskarewar jini da gushewar hankali. A asibitin ne kuma gwajin 1991 ya nuna makarin yana ƙara yawan masu tsira ko bayan hanta ta gaza. A 1998 doka ta taƙaita fakiti zuwa ƙwaya 16 a kanti, 32 a kemis.

Zanen Rumack da Matthew yana da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu. Yana aiki ne ga wanda ya sha lokaci guda kuma ya san lokacin. Ba ya aiki ga mai ciwon haƙori da ke ƙara biyu-biyu duk bayan awa biyu, ko mai mura da ya haɗa Panadol da Lemsip bai san farasitamol ne a cikin duka biyun ba, har ya wuce giram 4 da aka ƙayyade wa babba a rana. Binciken da aka yi a Edinbara ya nuna cewa cikin waɗanda hantarsu ta kai su asibiti, irin waɗannan sun fi masu sha lokaci guda mutuwa. A 2012 Birtaniya ta kafa ƙa'idar a ɗaura wa waɗanda suka sha fiye da kima a rarrabe makari ba tare da an duba layin ba.