Asalin kalmar «pèlerin» da danginta a Latin

Duk lokacin aikin Hajji, jaridun Yamai da takardun hukumar COHO suna kiran alhazai da «pèlerins». Kalmar ta Faransanci ce, amma tushenta Latin ne, harshen mutanen Rum na dā, kuma da farko ba ta da wata alaƙa da ibada.

Asalinta peregrinus, daga per (ta cikin) da ager (gona ko karkara). Ma'anarta baƙo, wanda ya ratso gonaki daga wata ƙasa. A dokar Rum, peregrinus mutum ne ɗa, ba bawa ba, sai dai ba shi da haƙƙin ɗan ƙasa. Har alƙali na musamman aka naɗa, praetor peregrinus, don shari'ar da ta shafi baƙi. A shekara ta 212 sarki Karakala ya bai wa kusan dukan ƴaƴan daular ƴancin zama ƴan ƙasa, sai wannan bambanci ya fara gushewa.

Kiristoci ne suka ba kalmar sabuwar ma'ana. Masu tafiya ziyarar Ƙudus, da Rum, daga baya kuma Kompostela a Sifen, baƙi ne a kowane zango, don haka aka ci gaba da kiran su da wannan suna. Ita kuwa tafiyar, peregrinatio. Da harshe ya gaji da r biyu, sai ta farkon ta koma l, aka samu pelegrinus, daga nan pèlerin. Larabci ya bi wata hanya dabam: hajj nufi ne, dosar wuri da niyya, abin da ya yi daidai da «maniyyaci» na Hausa.

Viaticum, daga via (hanya), shi ne guzuri, kuma shi ya haifi voyage. Hospes kalma ce mai fuska biyu, baƙo da mai masaukinsa. Daga gare ta aka samu hospitale, masaukin matafiya da marasa lafiya, wanda ya rabu gida biyu a Faransanci: hôtel da hôpital. Dukansu sun shigo Hausa, otal da asibiti, na biyun ta bakin Ingilishi. Bizar da maniyyaci ke jira ma daga visa take, wato takardar da aka riga aka duba.