Asalin Kirgizawan Ulupamir

A gabashin Turkiyya, cikin lardin Van, akwai wani ƙauye wai shi Ulupamir. Mutanensa ba Kurdawa ba ne kamar maƙwabtansu, Kirgizawa ne, jikokin makiyayan duwatsun Asiya ta Tsakiya.

Dattawansu sun ce a zamanin da, an yi wani sarki mai 'ya guda tilo, ya tara mata 'yan mata su zama ƙawayenta, duka su arba'in. Ran nan suka fita wasa bakin kogi, sai ga wani farin kumfa yana yawo bisa ruwa. Kowace ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Ba a jima ba, sai duk suka ga suna da juna biyu. Sarki ya husata, amma ya kasa zub da jininsu, sai ya sa aka kai su can bayan duwatsu aka bari. Nan suka haihu, 'ya'yan suka girma cikin sanyi da kiwo da hawan doki, kowace uwa ta zama tushen kabila guda. Daga "kirk kiz", wato 'yan mata arba'in, wai aka sami sunan Kirgiz.

Wasu kuwa sun ce jarumi Manas ne ya haɗa kan kabilu arba'in da abokan gaba suka tarwatsa, ya komo da su gida daga duwatsun Altai. Ni dai na fi karkata ga wannan, domin jama'ar Kirgiz da ta rushe daular Uigur a shekarar 840, daga mazauninta na bakin kogin Yenisei, lalle ta san haɗin kai a bayan shugaba. Amma labarin kumfa ya fi daɗin ji, kuma ba na so ya ɓace.

Kakannin mutanen Ulupamir, galibi 'yan kabilun Teyit da Kesek, suna kiwo ne a tuddan Pamir, sama da mita 4,000, inda hatsi ba ya nuna. Dukiyarsu tumaki ce da raƙuma masu tozo biyu da yak, shanun nan masu dogon gashi. Ɗakinsu tanti ne na ulu, abincinsu nama da shayi mai madara da gishiri da kurut, nonon da ake dunƙulawa a shanya har ya yi tauri. Budurwa takan yafa jan mayafi, matar aure fari. Yaro kuma dole ya iya jero kakanninsa bakwai.

Turawan Ingila da Rasha suka shata iyaka a 1895, daga baya aka rufe hanyoyin kiwo, Kirgizawan suka maƙale a lungun Wakhan na Afganistan. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulkin ƙasar a 1978, sarkin Kirgizawan Rahman Kul ya ja kimanin mutum 1,300 zuwa Pakistan, inda zafi da cuta suka ci da yawa. Ya nemi Amurka ta ba su wuri a Alaska, bai samu ba. A 1982 Turkiyya ta kwashe su, daga baya ta zaunar da su a Ulupamir.

Abin takaici, yak da tanti an baro su a Pamir, yara kuma Turkanci ya fi musu sauƙi. Duk da haka dattawa na sa farar hularsu ta kalpak, samari na sukuwa. Rahman Kul ya rasu a 1990, bai sake ganin Pamir ba. Allah ya jiƙansa, ya yi wa jama'arsa rana.