Yadda Tsibirin Silon Ya Rabu da Zazzaɓin Cizon Sauro

Kudu da ƙasar Indiya akwai wani tsibiri wanda dā ake kira Silon, tun 1972 kuwa sunansa Siri Lanka. A shekarar 1934 ruwan sama ya ƙi sauka a can. Koguna suka janye, suka bar ƙananan kududdufai, sauro kuwa ya yi ta hayayyafa a cikinsu. Zazzaɓi ya auka wa ƙauyuka, kafin ƙarshen 1935 ya kashe mutum wajen 80,000.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka samu wani maganin ƙwari mai suna DDT. Ma'aikata suka bi gida gida suna fesa shi a bangon ɗakuna, gama sauro yakan sauka a bango ya huta bayan ya sha jini, nan kuwa yakan mutu. Aikin ya yi albarka ƙwarai, har a 1963 mutum 17 kaɗai aka samu da ciwon a dukan ƙasar.

Sa'an nan mahukunta suka ga kamar an gama, aka daina feshi. Ashe ba a kashe macijin ba, wutsiyarsa kawai aka sare. Ciwon ya komo da ƙarfi, a 1969 ya kama mutum fiye da 500,000. Sauron kuma ya saba da DDT, tilas aka sake magani.

Aka koma aka fara daga tushe, wannan karo da haƙuri. Aka raba gidan sauro, aka aika da ma'aikatan asibiti cikin motoci zuwa ƙauyuka na nesa, suna duba jinin masu zazzaɓi, suna ba su magani nan take. Ko yaƙin basasa da aka yi daga 1983 zuwa 2009 bai tsai da aikin ba. Mutum na ƙarshe da ya ɗauki ciwon a cikin ƙasar kafin a shaida rabuwarta da shi, a watan Oktoba na 2012 aka same shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa tsibirin ya rabu da shi.

'Yan'uwa, ku lura da wannan: tsakanin 1963 da 2016 shekara 53 ne. Abin da ya jawo wannan jinkiri kuwa, barin aiki ne tun bai ƙare ba.