Tabar lofe da ta daɗe a ajiye: Yadda ake bambance ƙyalli da fumfuna

A ƙasashen Turai da Amurka, masu shan lofe sukan sayi taba su ajiye ta a gwangwani ko kwalba tsawon shekara biyar, goma, ko fiye da haka, domin ɗanɗanonta ya nuna, kaifinta ya ragu. Sau da yawa idan aka buɗe irin wannan ajiya akan tarar da wani farin abu kwance a kan ganyen. Daga nan tambaya ke tasowa: alamar nuna ce, ko kuwa tabar ta lalace? Amsar tana da muhimmanci, domin kuskure a nan yana nufin ko dai a zubar da kaya mai tsada, ko kuma a zuƙi fumfuna zuwa huhu.

Mene ne ƙyallin taba?

Turawa suna kiran farin abin da ba ya rayuwa da suna “bloom” ko “plume”. Duk da cewa kalmar farko tana nufin fure, ba shi da alaƙa da furen taba da matan Hausawa suka saba goge haƙora da shi. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu sheƙi, kamar garin sukari ko gishiri, waɗanda masu ajiyar taba ke cewa suna fitowa daga cikin ganyen ne su daskare a bayansa yayin da shekaru ke tafiya.

An fi ganin sa a tabar Bajiniya, wadda ake busarwa da zafin wuta a rufaffen ɗaki, abin da ke sa sukarin ganyen ya tsaya a cikinsa, har yakan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Tabar Burley kuwa, da ake shanyawa a iska, sukarinta kaɗan ne ƙwarai. Haka nan ya fi bayyana a tabar da aka danne ta zama curi sannan aka yayyanka ta falle-falle, irin wadda kamfanin Samuel Gawith na garin Kendal a Ingila, mai tarihi tun daga 1792, ya shahara da ita.

Fumfuna kuwa halitta ce mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska, kuma da zarar sun sami danshi da ɗumi sai su tsiro, su miƙa zaruruwa cikin ganyen. Nau'o'in da aka fi samu a taba sun haɗa da Aspergillus da Penicillium.

Gardamar da ke tsakanin masu ajiya

Ba kowa ya yarda cewa duk abin da ake kira ƙyalli ƙyalli ne ba. A shekarar 2017, wasu masu sha'awar naɗaɗɗiyar tabar Kuba a Ostireliya sun kai samfuran farin abin da ke fitowa a jikinta ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya nuna dukkansu fumfuna ce. Gwajin bai rufe magana a kan tabar lofe ba, domin yadda ake sarrafa ta da ajiye ta daban ne, amma ya koyar da darasi: farin launi kaɗai ba shaidar lafiya ba ne.

Hanyoyi shida na tantancewa

Siffa: A haska tocila daga gefe, a duba da gilashin da ke ƙara girman abu. Ƙyalli yana sheƙi, ƙwayoyinsa a kwance suke manne da ganye. Fumfuna ba ta sheƙi. Takan tashi sama kamar auduga ko saƙar gizo-gizo. Ganin zare ko da guda ɗaya ya wadatar a yanke hukunci.

Launi: Ƙyalli fari ne ko ruwan toka mai haske. Kore, shuɗi, baƙi ko rawaya duk fumfuna ce. Sai dai fumfuna da yawa da fari take farawa kafin ta rikiɗe.

Yadda ya bazu: Ƙyalli kan bi tsawon yankan tabar kamar an barbaɗa shi. Fumfuna takan fara da ɗigo-ɗigo masu zagaye, sannan su faɗaɗa. Idan farin abin ya haura kan takardar da ke cikin gwangwanin ko murfin kwalbar, babu sauran shakka fumfuna ce.

Taɓawa: Ƙyalli yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa a yatsa. Fumfuna laushi gare ta, tana shafuwa. Idan aka kankaro kaɗan aka sa a ɗigon ruwa, abin da yake dangin sukari ko gishiri zai narke, zaruruwan fumfuna kuwa ba sa narkewa.

Wari: Tsohuwar tabar Bajiniya mai lafiya takan yi ƙamshi kamar na busasshen 'ya'yan itace, wani lokaci da ɗan tsami. Fumfuna tana wari irin na ɗakin da ya daɗe a kulle da damina. Kada a kafa hanci a cikin gwangwanin ana shaƙa.

Lokaci: Idan har yanzu akwai kokwanto, a ɗauki hoto, a ware tabar a rufaffiyar kwalba, a sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu. Ƙyalli ba ya sauyawa cikin kwanaki. Fumfuna tana ƙaruwa.

Haɗarin da ke cikin fumfuna

Shaƙar ƙwayoyin Aspergillus na iya tayar da asma, kuma yana iya haddasa mummunar cutar huhu ga masu raunin garkuwar jiki da waɗanda tarin fuka ya taɓa yi wa huhunsu illa. Wani nau'insa, Aspergillus flavus, shi ne ke samar da gubar aflatoksin da manoman gyaɗa da masara suka sani, wadda aka tabbatar tana jawo sankarar hanta. Ido ba ya iya gane wane nau'i ne ya kama ganye.

Saboda haka kankare wurin da ya lalace ba mafita ba ne, domin zaruruwan sun riga sun shiga inda ba a gani. Shanyawa a rana ko sa wa a firji ba sa kawar da gubar da ta riga ta samu. Abin da ya dace shi ne a zubar da abin da ke cikin mazubin gaba ɗaya, a wanke kwalbar da ruwan zafi da sabulu, a sauya murfinta.

Rigakafi

A yi amfani da kwalba mai tsabta wadda ta bushe sarai kuma take rufuwa ruf, a ajiye ta wuri mai sanyi da duhu. Kada a cusa taba mai jiƙe, kuma a guji tsohuwar dabarar sa yankan tuffa a ciki don ta yi laushi, domin hanya ce ta gayyato fumfuna. Gwangwanin da ya yi tsatsa ko iska ta shige shi, a duba shi da wuri.

Kalmar “marar illa” da ake jingina wa ƙyalli tana nufin bai ƙara wa tabar wani haɗari ba ne kawai. Ita tabar kanta, sabuwa ko tsohuwa, a lofe ko a sigari, tana nan da illarta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma shan lofe na da alaƙa da sankarar baki, maƙogwaro da huhu.