Lambobin Zambo a Tarihin Faransa

Lambar zambo ƙarfe ne mai siffar kwabo ko lambar girma, wanda ake bugawa don muzanta shugaba, musamman jagoran yaƙi da ya kwashi kashinsa a hannu. Asalin lamba a Turai kayan yabon sarakuna ne, kamar kirari a bakin maroƙi, kuma kamar yadda maroƙi kan juya kirari ya koma zambo, haka maƙeran can suka juya ta.

Tun zamanin Luwi na 14 mutanen Holan ke buga irin waɗannan lambobi don yi wa sarkin Faransa shaguɓe. A 1814 kuma aka buga wata a Ingila mai hoton Napoliyon na Ɗaya bisa jaki, Shaiɗan na jansa zuwa tsibirin Elba. Waɗannan duk aikin abokan gaba ne.

Abin ya yi ƙamari ne bayan yaƙin Sedan. Ranar 2 ga Satumba 1870 Napoliyon na Uku, sarkin daular Faransa, ya miƙa wuya a can ga sojojin Furushiya, ranar 4 ga wata aka ayyana jamhuriya a Faris. Sai jama'a suka far wa kwabon tagulla na santim 5 da santim 10 masu ɗauke da kansa. Masu zanen ƙarfe suka riƙa sassaƙa masa kwalkwali mai tsini irin na sojan Furushiya, wasu su laƙa masa taba a baki, wasu su zana masa ƙawanyar ƙarfe a wuya an rubuta Sedan. Mikiyar daular da ke bayan kwabon kuwa aka mai da ita mujiya ko jemage.

Daga baya aka shiga buga sababbi da inji. Mafi shahara tana kiran Napoliyon na Uku wulaƙantacce, tana ambaton fursunoni 80,000 na yaƙin Sedan. A bayanta akwai mujiya zaune kan igwa, da rubutun da ya mai da sunan daular maye mai shan jini, tare da ranaku biyu: 2 ga Disamba 1851, ranar da ya yi juyin mulki, da ranar Sedan. Zafin zambon kwabban da aka sassaƙa kuwa yana nan ne: ƙarfen da sarki ya buga don a san ikonsa shi ke yawo daga aljihu zuwa aljihu yana tona masa asiri, ba kuma jarida ba ce balle a rufe ta.

An tsare Napoliyon na Uku a Wilhelmshöhe kusa da Kassel, ya mutu a Ingila a 1873. Yau masu tara tsofaffin kuɗi ke cinikin lambobin.