Firmato: sunan da aka tsinto a ƙasan takardar soja

A ƙasar Italiya akwai wani sunan maza da ya kusa ɓacewa, sunan kuwa shi ne Firmato. A harshen Italiyanci ma'anar kalmar ita ce "an sa hannu", wato abin da akawu ke rubutawa a ƙarshen takarda kafin sunan mai ita. Mu ma nan mun saba ganin ƴar'uwarta ta Faransanci, "signé", a ƙasan sanarwar gwamna ko ta magajin gari. Yadda kalmar ofis ta koma sunan da uwa ke kiran ɗanta da shi labari ne da Italiyawa ke bayarwa don raha. Ni kuwa ina ganin ya fi ƙarfin raha, musamman gare mu malamai da iyaye, domin labarin karatu ne da abin da rabin karatu ke haifarwa.

Tushen maganar yana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Italiya ta shiga yaƙin ranar 24 ga Mayu 1915, tana faɗa da daular Ostiriya-Hungari a tsaunukan arewa maso gabas. An kwashi maza fiye da miliyan 5, kuma yawancin dakarun ƙasa manoma ne da aka ɗebo daga ƙauyuka. Babban kwamandansu, Janar Luigi Cadorna, mutum ne mai tsanani. Sau 11 yana tura su farmaki a bakin kogin Isonzo ana ta zubar da rayuka ba tare da an ci wata ƙasa ta kirki ba, kuma a zamaninsa akan harbe sojoji ta hanyar ƙuri'a don a tsorata saura. A watan Oktoba na 1917 aka yi musu mummunan kaye a Caporetto, aka kama musu fiye da mutum 250,000, sauran suka ja da baya har kogin Piave.

Nan aka sauke Cadorna aka naɗa Janar Armando Diaz, haifaffen birnin Napoli. Diaz ya gyara abincin soja, ya ƙara musu hutun zuwa gida, ya sassauta horo, kuma a lokacinsa aka yi wa dakarun inshora don iyalinsu. Ga matar da mijinta ke cikin rami a bakin daga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara guda bayan Caporetto, ranar 24 ga Oktoba 1918, ya buɗe farmakin da ake kira na Vittorio Veneto. Ranar 3 ga Nuwamba aka sa hannu kan tsagaita wuta a wani gida mai suna Villa Giusti kusa da Padova, washegari kuma, 4 ga Nuwamba, hedkwatar soja ta fitar da sanarwar nasara. Yaƙin da ya ci sojojin Italiya sama da 600,000 ya ƙare.

Wannan sanarwa ta shiga ko'ina. An buga ta a jaridu, an manna ta a bango, an karanta ta a dandalin garuruwa. Daga baya aka sassaƙa ta a kan dutsen marmara da allunan tagulla, aka kafa a ma'aikatun magajin gari da barikoki da makarantu, har da babban ginin tunawa na Vittoriano da ke tsakiyar Roma. A zamanin mulkin Fasist ƴan makaranta har haddace ta suke yi. A ƙarshenta kuwa akan ga kalmomi biyu: Firmato Diaz, wato "sa hannun Diaz".

Sai wasu iyaye, galibi talakawan karkara, suka ɗauka cewa wannan shi ne cikakken sunan janar ɗin, Firmato sunansa, Diaz sunan gidansu. Suna son mutumin da ya dawo musu da mazajensu da ƴaƴansu, suna son yi masa takwara, sai suka tafi wurin mai rajistar haihuwa suka ce a rubuta Firmato. Da sun san gaskiya, da Armando za su sa.

Kafin mu yi musu dariya, mu duba halin da suke ciki. Lokacin da aka haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, kusan mutum 3 cikin 4 ba su iya karatu da rubutu ba. An yi dokokin tilasta ilimi, ta Casati a 1859 da ta Coppino a 1877, amma an bar nauyin makarantu a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda da yawansu ba su da ko kuɗin biyan malami. Sai a 1911 gwamnatin tsakiya ta karɓi ragamar yawancin makarantun firamare. Ƙidayar jama'a ta wannan shekarar ta nuna kusan mutum 4 cikin 10 har yanzu ba su iya karatu ba, kuma rabon bai zo daidai ba: a yankin Piemonte na arewa wajen kashi 11 cikin 100 ne, a Calabria ta kudu kuwa kusan kashi 70. Waɗannan su ne mutanen da aka tura yaƙi bayan shekara huɗu.

Bayan matsalar baƙi akwai ta harshe. Italiyancin da ake rubuta takardun gwamnati da shi ba shi ne harshen gida ba ga mafi yawan jama'a. Mutumin Sicilia da na Veneto da na Sardegna kowa da yarensa, har wani ba ya jin wani. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a 1861 kashi 2.5 cikin 100 kacal ne ke iya magana da Italiyancin littafi. Wani masanin, Arrigo Castellani, ya kai adadin kusan kashi 10, wanda shi ma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka manomin da ya yi shekara biyu ko uku a makaranta zai iya tsayawa gaban allon, ya haɗa baƙi da wasali, ya furta "Fir-ma-to" daidai ba kuskure, amma bai san yadda ake rufe takardar hukuma ba. Abin da nake so malamai ƴan'uwana su lura da shi ke nan. Wanda bai san baƙi ba sam sai dai a karanta masa, mai karantawar kuma yana iya yi masa bayani. Wanda ya iya furtawa bai iya fahimta ba, shi ne ke tafiya da kuskurensa yana ganin ya karanta da idonsa.

Kuma kalmar kanta ta taimaka wajen ruɗin, don tana da kamannin suna. Italiyawa suna da Renato, Donato, Fortunato, Onorato, Liberato, duk masu ƙarewa iri ɗaya, duk kuma sanannun sunaye. Asalin kalmar ma daga Latin ne, daga tushen da ke nufin ƙarfafa abu ko tabbatar da shi, domin sa hannu tabbatar da takarda ne. Daga wannan tushen aka samo tsofaffin sunaye irin su Fermo da Firmino. Kunnen baƙauye bai ji wani abin baƙo ba. Hankalinsa ya yi aiki daidai da abin da ya sani, abin da ya sani ɗin ne bai kai ba.

Ya kamata a san cewa sa irin wannan suna fita ce daga al'ada. A yawancin Italiya, musamman kudu, ɗan fari yakan ɗauki sunan kakansa na wajen uba, ƴar fari ta ɗauki na kakarta, sauran kuma a ba su sunan waliyyin gari ko na ranar da aka haife su. Shi ya sa in ka ji Gennaro ka san Napoli, Rosalia ta Palermo ce, Agata ta Catania, Oronzo na Lecce. Siyasa ce ta fara fasa wannan tsari a ƙarni na 19. Giuseppe Garibaldi ya sa wa ƴaƴansa maza Menotti da Ricciotti, sunayen gidan wasu ƴan gwagwarmaya biyu da aka kashe. Ƴan gurguzu da masu adawa da coci, musamman a yankin Romagna, suka riƙa sa Libero da Spartaco da makamantansu. A can ne wani maƙeri ɗan gurguzu ya haifi ɗa a 1883 ya sa masa Benito, don girmama shugaban Meziko Benito Juárez. Yaron shi ne Mussolini. Masanin tarihi Stefano Pivato ya rubuta littafi sukutum a 1999 kan wannan ɗabi'a ta mai da jariri tutar siyasa.

Yaƙe-yaƙe ma sun bar nasu sunayen. Bayan na 1915 zuwa 1918 an sami yara masu suna Trento, Trieste, Gorizia da Piave. Kafin nan, da Italiya ta afka wa Libiya a 1911, an haifi ƴan mata aka sa musu Libia, Derna da Tripolina. Tarabulus ɗin nan da ayarin kakanninmu ke zuwa daga Kano ta Damagaram da Agadez ita ce ta koma sunan jarirai a gidajen waɗanda suka ci ta da yaƙi. Haka Adua, wato Adwa ta Habasha, inda Sarki Menelik ya karya sojojin Italiya ranar 1 ga Maris 1896. Da dakarun Mussolini suka shiga garin a watan Oktoba na 1935, sai sunan ya yi tashe a matsayin ramuwar gayya. Kafin waɗannan ƴan mata su cika shekara goma, daular da aka yi musu suna don ita ta rushe. Su kuwa sun ci gaba da amsa sunan har tsufa, kamar yadda dubban Benito suka wayi gari bayan 1945 da sunan da mutane ke jin nauyin furtawa. In aka gwada da waɗannan, Firmato ya fi su sa'a, don nasa abin dariya ne kawai, babu jinin kowa a kansa.

Hukuma ta shigo cikin maganar daga baya. Dokar rajistar jama'a ta 1939 ta hana sunayen ban dariya ko na kunya, da sunayen wurare, da na ƙasashen waje. An ɗage hanin sunayen waje a 1966. Dokar da ke aiki yanzu, ta shekarar 2000, ta hana a ba yaro sunan ubansa mai rai ko na ɗan'uwansa mai rai, ta hana mai da sunan gida sunan yaro, kuma har yanzu ta hana sunan da zai jawo masa ba'a. Da ita ne kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar a 2008 da hukuncin hana wasu iyaye a Genova kiran ɗansu Venerdì, wato Juma'a, aka mai da shi Gregorio. Mu da ke da Ɗanjuma da Jummai a kowane gida za mu yi mamaki, amma a can kalmar tana tuno musu da baran nan na cikin labarin Robinson Crusoe. Kyan suna da muninsa suna bin kunnen mutanen da yaro zai rayu a cikinsu.

Firmato bai taɓa zama suna mai yawa ba, kuma tashensa na ƴan shekarun bayan yaƙi ne. Wanda aka haifa a 1919 ko 1922 yau ya haura shekara 100, ka ga ke nan masu sunan na asali sai dai a same su a rajista da kan kaburbura. Al'adar maimaita sunan kaka ita ce za ta iya raya shi, to amma wa zai so ya gadar wa ɗansa kuskuren da gari ya riga ya gane? Ga shi haihuwar ma ta ragu ƙwarai. Ƙasar da ta haifi yara sama da miliyan 1 a 1964 ta sauko ƙasa da 400,000 a 2022. Hukumar ƙididdiga ta ISTAT, wadda ke fitar da jerin sunayen jarirai, ta nuna Francesco ya daɗe a kan gaba kafin Leonardo ya karɓe a 2018, a ɓangaren mata kuma Sofia ta yi shekaru tana jan ragama.

Abin da ya kashe sunan a gaskiya makaranta ce. Daga 1960 zuwa 1968 wani malamin firamare mai suna Alberto Manzi ya riƙa fitowa a talabijin ɗin gwamnati yana koya wa manya karatu da rubutu, yana zane da gawayi a kan manyan takardu, a wani shiri da sunansa ke nufin ba a makara da neman sani. A 1962 aka kafa makarantar tsakiya ta bai ɗaya ga kowane yaro har shekara 14. Jikokin masu suna Firmato sun tashi suna jin harshen da ake rubuta musu takarda da shi. Ko da yake ɗabi'ar ɗauko suna daga abin da ake kallo ba ta mutu ba: an yi ta haihuwar Diego a Napoli zamanin Maradona, kuma akwai masu suna Maicol, wanda Michael ne aka rubuta yadda kunne ya ji.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. A azuzuwanmu akwai yaron da zai tashi ya karanta shafi guda na Faransanci da murya mai daɗi, mushe ya ba shi maki, in ka tambaye shi da Hausa me ya karanta sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaron gobe shi ne zai tsaya gaban takardar gona, ko ta bashi, ko ta magani, yana ganin ya iya. Shawarata ga malamai ita ce, duk wanda ya karanta layi a tsayar da shi ya faɗi ma'anarsa da harshen gidansu kafin a wuce. Iyaye kuma, in yaro ya dawo daga lakwal, ko ba ku san baƙi ba kuna iya cewa ya gaya muku abin da ke cikin littafin, nan take za ku gane ko yana ji. Ranar suna kuwa, kafin a raɗa wa jariri wata kalma don ta yi daɗi a kunne, ko don an ji ta a fim ko a bakin ɗan siyasa, a tambayi wanda ya san harshen da ta fito. Biki na kwana ɗaya ne, mai sunan kuwa zai amsa shi har ƙarshen ransa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.